Tsohuwar jingar ƙasa ce ruwa ya fara hawa kanta, a zuba mata kankare ko a ƙara mata tsayi?

Mai_Albasa_Marwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, an wuni lafiya, ya kaka? Tambaya ce da ni ga duk wanda ya san aikin baraji, wato dam, ko ya taɓa zama kusa da shi. A ƙauyenmu can wajen hanyar Mokolo akwai wata tsohuwar jinga da aka tare ƙaramin mayo, wato rafi, da ita tun zamanin iyayenmu, tsayinta a tsakiya zai yi mita 5, tsawonta kuma wajen mita 300 haka, ba siminti ba komai, jar ƙasa ce da laka aka daddanne, sai wata 'yar mafita a gefe ɗaya da aka shimfiɗa wa duwatsu wadda yanzu yashi da ƙaya sun cinye rabinta. Da ruwan nan muke albasar rani, shi dabbobi ke sha har zafi ya shigo, rijiyoyin da ke ƙasa da ita ma albarkacinta ne ba sa ƙafewa.

To daminar bana ruwa ya haura ta kai, daidai wajen da shanu ke tsallakawa, bai kai gwiwar yaro ba kuma bai jima ba, amma da gari ya waye sai ga rami a bayanta wanda babban mutum zai shiga har ƙugu. An cike da buhunan yashi dai aka samu damina ta wuce. Yanzu kan gari ya rabu biyu, dattawa sun ce a kawo tifa a ƙara ƙasa a sama ta ƙara tsayi shikenan, mu kuma matasa wani cikinmu ya gani a intanet wai a Amurka tsoffin dam na ƙasa ana lulluɓe su da kankare ne, ruwa in ya cika ya bi ta kai ya wuce ba abin da zai same su. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne zai yiwu a irin wurinmu? Kuɗin da ƙungiya ta tara ba wasu masu yawa ba ne kuma akwai gidaje a ƙasa da jingar, cikinsu har da na mahaifiyata, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Ɗan_Binuwai

Wa alaikumus salam ƙanena. Aikin ruwa da gine-ginen karkara na karanta kuma shi nake yi a nan Garwa. Kun kyauta da kuka tayar da maganar tun da kaka, don aikin jinga na rani ne, in aka bari sai hadari ya fara haɗuwa to an makara.

Abin da abokinka ya gani gaskiya ne, ana yi. Amma ka fara gane yadda ruwa ke kashe jingar ƙasa tukuna. Ba ta gaba yake turo ta ta faɗi ba kamar yadda mutane ke zato. In ya haura, yana gangarowa ta baya ne gudunsa na ƙaruwa, sai ya fara ci daga ƙasa ko daga duk inda ya samu ɗan gurbi, ya yi rami mai gaɓa a tsaye, gaɓar ta riƙa zubewa tana ja da baya tana hawa sama har ta iso kan jingar, to da zarar ta yanke kan ta haɗu da ruwan tafki magana ta ƙare, ƙofar faɗaɗa kawai za ta yi ta yi, wani lokaci cikin awa ɗaya ko biyu tafkin gaba ɗaya ya fita. Ramin da kuka gani farkon wannan ke nan, ruwan ne ya janye kafin ya gama aikinsa. Masu kula da dam a Amurka sun yi lissafi, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka karye a can hawan ruwa ne sanadi. Derna ta Libiya a Satumbar 2023 ai kowa ya gani, dam biyu a kan kwari ɗaya, na sama ya karye ya tafi da na ƙasa, mutum sama da 4,000 aka tabbatar sun rasu ban da waɗanda ba a gani ba.

Shi kankaren da ake magana ba irin wanda ka sani ba ne na dakin bene mai ruwa-ruwa da rodi a ciki. Masu Faransanci BCR suke ce masa, masu Ingilishi RCC. Siminti ne da yashi da tsakuwa amma ruwan kaɗan ne ƙwarai, in ka damƙa a hannu zai dunƙule ba zai zuba ba, tifa ke kawowa ta juye, katafila ta baje, sannan rola mai girgiza ta bi ta kai ta daddanne, babu rodi. Ana shimfiɗa shi hawa-hawa a bayan jingar tun daga ƙasa, kowane hawa kaurin santimita 30, faɗinsa wajen mita biyu da rabi don mota ta samu wurin bi, na sama ya ɗan ja ciki a kan na ƙasa, in an gama sai bayan jingar ya zama matakala tun daga gindi har kai. Matakalar nan ita ce dabarar, ruwa na faɗowa daga wannan zuwa wannan ƙarfinsa na karyewa, kafin ya iso ƙasa ya gaji. An fara amfani da shi da yawa ne wajen gyaran dam ɗin Tarbela na Pakistan a shekarun 1970, a farkon shekarun 1980 aka gama Willow Creek a jihar Oregon wanda gaba ɗayansa da shi aka gina, a 1984 kuma aka lulluɓe wani ƙaramin dam na ƙasa a Brownwood ta jihar Texas da shi, daga nan abin ya yaɗu don sun tarar ɗimbin tsoffin dam ɗinsu mafitarsu ta yi ƙanƙanta, rushewa a sake gini kuma tsada.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne. Kankaren da ake gani a hoto shi ne mai sauƙin, abin da ke ƙarƙashinsa shi ne aikin. Kowace jingar ƙasa ruwa na ratsa ta a hankali yana fita ta baya, in ka toshe bayan da kankare ba ka bar masa hanya ba sai ya taru a ƙarƙashi ya riƙa turowa sama har ya ɗaga ko ya fasa. Dole a fara shimfiɗa yashi mai tsabta da tsakuwa a matsayin matata, a sa bututai da za su fito ta cikin kankaren ruwan ya riƙa ɗiga. Dole a gindi a haƙa a sa katanga ta nutse cikin ƙasa a kuma yi farfajiya mai ƙarfi inda ruwan zai sauka, in ba haka ba zai haƙe gindin ya shiga ta ƙarƙashi duk abin ya zame. Gefe biyun ma sai an yi musu bango don kada ruwa ya kewaye. Dam ɗin Oroville na Kalifoniya a Fabrairun 2017, mafitarsu ta kankare ce zalla, ruwa ya shiga ta tsaga ya ɗaga wani yanki, sai da aka kwashe mutum wajen 188,000 daga gidajensu, kuma ƙasar da ke da kuɗi da injiniyoyi ke nan fa.

Sannan ba duk mita 300 ɗin ake lulluɓewa ba. Ana zaɓar yanki ɗaya ne, a rage masa tsayi da gangan ya fi ko'ina ƙasa, shi kaɗai za a yi wa sulke, don ruwa ya san ƙofarsa. Misali ƙofa mai faɗin mita 50, in ruwa ya hau kanta da rabin mita tana fitar da wajen mita kubik 30 a daƙiƙa, wato kamar duro 150 kowace daƙiƙa, in ya kai mita ɗaya kuma ya haura 80. Kuɗin kuwa ga lissafi a gurguje: hawa ɗaya 0.3 sau 2.5 sau 50 ya ba da mita kubik 37 da rabi, tsayin mita 5 na buƙatar hawa 17, ka ga an wuce 600, in ka sa buhu 3 kacal a kowane mita kubik an kai wajen buhu 1,900, ban sa kai da farfajiya da bangon gefe ba, ban sa hayar rola da gazuwal, wato man dizal, ba. Ka kai wa ƙungiya wannan lissafin ku duba aljihunku.

Dattijon_Maga

Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini ina faɗa. Ɗana mai tambaya Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifiyarka.

Ni a gindin babbar jinga na tsufa, ta Maga, wadda aka yi a 1979 don noman shinkafar kamfanin SEMRY, kilomita 27 ce daga Pus zuwa Girbidik kuma ita ma ƙasa ce. Abin da injiniya ya faɗa na ruwa ya haura ta kai ban musa ba, amma mu a nan abin da ya fi ba mu tsoro ba shi ba ne. Iska ce. Tafkin na da faɗi, in iska ta taso igiyar ruwa na dukan gaban jingar dare da rana tana gutsurar ta kaɗan-kaɗan, wuri mai faɗin da mota ke bi sai ka ga ya koma siriri. Sai kuma ruwan da ke tsattsafowa ta baya. A 2012 da kogin Logon ya cika, Mayo Tsanaga da Mayo Bula suka zubo nasu a lokaci guda, ba wanda ya yi barcin kirki a garin nan, maza na kan jinga da buhu da fitila, mata sun ɗaure kaya suna jira a ce a tashi, mutane da yawa an kwashe su zuwa tudu. A shekarar ne shugaban ƙasa Paul Biya ya zo har Girbidik a watan Satumba. Bayan nan Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 a 2013 aka yi aikin da ake kira PULCI, aka gyara tamu da kuma jingar bakin Logon wajen kilomita 70.

Abin da nake so ka ɗauka shi ne, da duk wannan kuɗin ba a lulluɓe kilomita 27 da kankare ba, wa zai iya? Ƙasa aka ƙara aka daddanne, aka kare inda igiya ke duka. Kankare yana wuraren da ruwa ke wucewa ne, mashigar Pus da ke tsakanin tafki da Logon, da ƙofofin da ke sakin ruwa cikin Mayo Vrik. Kuma ƙofa ko ta ƙarfe ce in hanyar da ke bayanta ta cike da yashi da ciyawa ba ta da amfani, Vrik ɗin nan shekaru ya yi a cike, in an buɗe da yawa sai ruwan ya bazu cikin gonaki da gidaje. Kai ma ka ce mafitarku rabinta ya toshe. To ni a ganina ruwan bai hau kan jingarku don ta gajarta ba, ya hau ne don an rufe masa ƙofarsa. Ku tara samari da shebur da baro ku fara da nan, wannan ba ya son buhu 1,900.

Dattawanku kuma kada ku raina su a gaban jama'a, su suka san inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun da ba a haife ku ba, ku tambaye su su nuna muku alamar a jikin bishiya ko dutse, injiniya ma zai buƙaci wannan.

Usta_Njamena

Baba ya gama magana wlh. Ni magini ne, ina ƙara wani abu ta ɓangaren hannu don Injiniya ya yi bayanin littafi daidai amma bai faɗi wahalar yinsa a ƙasarmu ba. Wannan busasshen kankaren ba ya jira, daga haɗawa zuwa daddannewa bai kamata a wuce minti 45 ba ko awa ɗaya in an matsa, to a zafin watan huɗu na Marwa da ake haura digiri 40 kafin tifa ta juyo ya sha iska ya bushe, hawa na sama ba zai kama na ƙasa ba, sai ka samu faranti-faranti ne a jere ruwa na bi tsakaninsu. Bayan an gama kuma sai an yi ta ba shi ruwa sati biyu ba fashi, a lokacin da tafkin naku ya ƙafe mutane na layi a rijiya. Kuma in rola ta lalace a tsakiyar aiki, a ƙauye, wa zai kawo wata kafin abin ya daskare? Aikin kamfani ne mai injin haɗawa a wurin, ba aikin gayya ba ne.

Na biyu ƙasa. In gindin jingarku karal ne, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa, to ita da rani tsagewa take har hannu ya shiga, da damina ta kumbura, duk abin da ka ɗora mata mai tauri sai ta karya shi, mu nan Njamena katangu nawa muka gani sun rabe biyu saboda haka. Tsohuwar jinga ma tana ci gaba da zama kaɗan-kaɗan, kankare ba ya bin ta, sai a samu kogo a ƙarƙashi ba wanda ya sani sai ranar da ya rufta.

Abin da na fi tsoro shi ne ku ji an ce kankare ku je ku sayi buhu 100 ku yi mata dabe siriri kamar na tsakar gida. Wannan ya fi barinta haka haɗari, tulu ne mai tsaga aka shafe bayansa da fenti, ido ya daina ganin inda yake yoyo amma yoyon na nan.

Ku da kuke gindin duwatsun Mandara me ya kai ku neman abin Amurka? Mu nan tsakuwa daga Dandi ake ɗauko mana ita da tsada, ku kuwa dutse na bakin ƙofa, kuma mutanen Mokolo sun gaji jera dutse tun kakanni, dubi yadda suka yanka duwatsu hawa-hawa suna noma, dubi ƙananan shingayen dutse da suke yi a cikin mayo. Ku yi gabiyon, ragar waya mai kauri wadda ba ta tsatsa a cika da dutse a ɗaure, a jera ta matakala kamar yadda Injiniya ya ce, a sa ƙyallen tace ruwa ko tsakuwa a ƙarƙashi. Tana lanƙwasa ta bi ƙasa in ta motsa, ruwa na fita ta cikinta da kansa, in waya ta tsinke a wuri ɗaya ku da kanku za ku gyara. Siminti kaɗan kawai za ku sa a leɓen sama inda ruwa ke karyowa. Illarta dai yashi da itacen da ruwa ke kawowa suna cin wayar, kuma akwai masu yanke ta su yi tarko ko shingen kaji, sai an sa ido.

Maman_Yara_Yagwa

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san siminti ba amma na san ruwan dare. A 2024 da ruwa ya shigo Yagwa har gada ta karye, abin da ya fi komai ciwo shi ne tashin tsofaffi da yara cikin duhu ba a san ina za a nufa ba. A watan nan ne kuma dam ɗin Alau ya ɓalle a kan Maiduguri, ranar 10 ga Satumba, 'yan uwanmu na can kwana suka yi a kan rufi waya ba ta shiga. Ƙanena ka ce gidan Mama na ƙasa da jingar, to duk abin da za ku yi, kankare ne ko dutse ne, ba zai kammala gobe ba. Ku kafa sanda a cikin tafkin ku shafa mata fenti kala uku, a san cewa in ruwa ya taɓa ja ba mai kwana a gidajen ƙasa, a san wa zai duba da dare in ana ruwa, wa zai buga waya, a yi magana da liman ya yi shela da lasifikar masallaci, a san tudun da za a hau da wanda zai ɗauki wace tsohuwa.

Sannan da kuke cewa za a rage wani yanki don ruwa ya bi ta nan, ta kan gonar wa zai bi? Ta bayan gidan wa? Ku zauna da lawan da masu gonakin tun kafin a sa shebur, kada gyara ya zama gaba.

Kuma ku tambayi mata. Masu wanki da ɗiban ruwa a gindin jingar su suka san inda ƙasa ke zama da danshi har cikin rani da inda ƙafa ke nutsewa, maza in sun zo dubawa ta sama suke bi su wuce.

Mai_Albasa_Marwa

Kai, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba na gode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Hajiya maganarki ta shige ni kuma daren nan zan kira gida. Na tambayi ƙanwata ta ce lallai akwai wuri kusa da wata babbar bishiyar maina da ta fito a jikin jingar, kullum a jiƙe yake har ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore. Yaya Injiniya wannan matsala ce? A sare bishiyar? Kuma maganar dattawa ta ƙara ƙasa a sama, a bar ta kwata-kwata ke nan ko akwai yadda ake yi? Don in na je na ce musu a'a kawai ba za su saurare ni ba.

Ɗan_Binuwai

Usta ya yi gaskiya kan zafi da rola, a ƙaramar jinga irin taku ni ma gabiyon ko ginin dutse da siminti zan zaɓa. Inda ban bi shi gaba ɗaya ba shi ne gabiyon na da iyaka, in ruwan da zai bi ta kai mai zurfi ne kuma mayon na kawo manyan duwatsu da kututture, shekara kaɗan wayar za ta yi, a irin wannan wurin ko a babban dam da gari ke ƙarƙashinsa kankaren ya fi, tsadarsa ba ta kai ta sake gina gari ba. Sai an san girman ƙasar da ke zubo wa mayonku ruwa kafin a yanke, kuma wannan ba a yinsa ta waya.

Wurin da ƙanwarka ta faɗa yanzu ya fi ramin shanun tayar mini da hankali. Ka sa a je da kofin gilashi a tari ruwan da ke fita a ajiye ya kwanta. In garau yake kuma yawansa ba ya ƙaruwa, tsattsafi ne da kowace jinga ke yi, a rufe wurin da yashi mai tsabta sannan tsakuwa sannan dutse, ruwan ya fita ƙasa ta zauna, kada a kuskura a toshe shi da laka ko siminti. In kuwa da laka yake fita ko ka ga yashi ya taru a bakin ramin, to ruwan yana sassaƙa hanya ne ta cikin jingar yana kwaso cikinta waje, wannan na karya jinga ko tafki bai cika ba, rana tsaka ba hadari, kuma duk kankaren duniya in ka zuba a kai ba zai hana ba. In haka ne a rage ruwan tafkin a kira masani da gaggawa.

Bishiya kuma, ƙanana duk a cire su. Babba irin mainar nan in kun sare kun bar kututturen, saiwar za ta ruɓe a ciki ta bar hanyoyi, don haka sai ruwa ya ja baya sosai da rani a sare, a tono saiwar, a mayar da laka mai ɗan danshi a daddaka ta kaɗan-kaɗan. Haka gidan gara da ramin gafiya, a tone har ƙarshe a cike. A shuka jema ko ciyawa mai kama ƙasa a bayan jingar, shanu kuma a yi musu mashaya da hanya a gefe su daina bi ta kai, su ne suka lotsa wurin da ruwan ya samu.

Dattawa ba su yi kuskure duka ba, ka gaya musu haka. Kan jingar na buƙatar ƙasa, amma don a daidaita shi ne, a cike inda ya lotsa ya dawo daidai da sauran. Ku ari tiyon awo na magina mai ruwa a ciki ku bi ta kai kuna kafa turaku duk mita 10, za ku ga wuraren da suka faɗa da idonku. Abin da ba a yi shi ne a tula ƙasa a sama kawai, kan zai tsuke, sabuwar ba za ta kama tsohuwar ba, ruwan farko zai bi ta tsakaninsu. In ana son ƙarin tsayi na gaske daga gindi ake farawa ta baya, a kankare ciyawa, a yanka tsohuwar hawa-hawa, a riƙa zuba santimita 15 zuwa 20 ana jiƙawa ana daddannewa har a iso sama. Kuma ko an ƙara, kada kowa ya taɓa ɗaga bakin mafitar don a tara ruwa da yawa, na san za a kawo wannan shawarar saboda albasa, ka tsaya a kan a'a, tazarar da ke tsakanin bakin mafita da kan jinga ita ce ke tsare gidan Mama, a irin taku kada ta gaza mita ɗaya bayan ruwan da ke wucewa.

Ku rubuta takarda da sa hannun lawan ku kai meri, wato ofishin magajin gari, ku kai kwafi ofishin ma'aikatar ruwa da na aikin gona na yankinku ku nemi a turo mai awo ya duba, kuɗin ƙungiyar ku riƙe shi a matsayin naku kason, an fi saurin sauraron waɗanda suka zo da wani abu a hannu. Kafin nan turo mini hoton mafitar ta gaba da ta baya, da na wurin mainar, da na kofin ruwan bayan ya kwana, ka sa mutum ya tsaya a cikin hoton don in gane girman.